Sandar da na kafa a bakin Kwara

Da sunan Allah nake farawa. Yau shekara biyar ke nan da dawowata daga bakin Kwara, amma har yanzu in muka tashi daga ajin yaƙi da jahilci a nan Boɗinga, sai wani ya ja rigata ya ce, "Arzika, ba mu labarin sanda." Na ba da shi har ya fara lalacewa a bakin mutane. Wani ya ce kada ne ya kore ni, wani ya ce Faransawa suka ɗaure ni. Tun da Allah ya sa hannuna ya fara sabawa da alƙalami, na ga gara in rubuta shi yadda ya faru, kowa ya huta.

Mu biyu Inna ta haifa, ni da Yayana Nomau. Ina ɗan shekara goma sha biyu jirgin kwalekwale ya kife da mahaifinmu a Gulbin Rima, yana dawowa daga cin kasuwa, ba a ga gawarsa ba sai bayan kwana biyu. Tun daga ranar Inna ta ƙi jinin jirgi. Ana nan sai Yaya ya yi abota da wasu Sarkawa masunta, ya ce zai bi su su. Shi ne ɗan fari, kuma kun san al'adarmu, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kuma tsayawa ta yi magana da shi ido da ido. Saboda haka Inna ta juya tana kallon murhu, ta ce, "Duk wanda ya taka jirgi, kada shi sake taka ƙohwar ɗakina." Yaya ya ji. Da safe ya tafi. Shekara ashirin da biyu ba mu sake ganinsa ba.

A kakar shekarar da aka ba mu mulkin kai, idon Inna ya riga ya mutu, ƙafa ma ta fara ƙi. Wata rana na dawo daga fadama inda nake dashen albasa, ta kira ni ta ce, "Arzika, na ji an ce wani mai banda a kasuwar Shagari ya ga wancan na ruwa. Ka tahi ka zo min da shi. Ban son in mutu da maganar nan a wuyanai."

Na ce, "To, Inna."

Ta kama hannuna ta matse. "Amma ka yi min alkawali. Ba ka shiga jirgi. In ka iske ruwa, ka jira shi janye, ka ƙetare da ƙahwa kamar kowa."

Na yi alkawari ban ko yi tunani ba. Me zan tuna? Duk gulbin da na sani, in damina ta wuce raguwa yake yi, har jakai su riƙa ratsa shi. Na bar albasa a hannun surukina, na ɗaura gumba da ƙuli-ƙuli a jaka, na ɗauki sandata ta geza, na kama hanya.

A Shagari na sami mai bandar kifin, wani dattijo mai suna Malam Sambo. Ya ce lalle ya ga mutum mai irin tsagarmu a wata tunga, wato zangon masunta, da ke tsakiyar Kwara, kusa da garin Dole, inda ƙasar Ingilishi ta ƙare. Har lokacin bakinmu bai saba da cewa Nijeriya da Nijar ba, ƙasar Ingilishi da ƙasar Faransa muke cewa. Na kwana a zaurensa cikin warin banda, washegari na hau wata motar itace mai zuwa Jega. Mun fi ashirin a bayanta, da buhunan gero da wani rago da ya ƙulla gaba da ni tun daga Tambuwal, ya cinye gefen tabarmata. Motar ta mutu sau uku. Duk lokacin da ta mutu direba sai ya leƙo ya ce, "Masu son zuwa Jega su sauko su tura, marasa so su zauna." Allah ya jiƙan zamanin nan. Ba wanda ya yi fushi. Muka shiga Jega muna raba goro kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Daga Jega da ƙafa na tafi. A Bunza na iske Gulbin Kabi, wato namu na Rima ne ya girma bayan ya haɗiye na Zamfara. Mutane na ta shiga jirgin fito. Na zauna a gindin wata ƙirya kwana biyu, har wani Bafillace mai suna Jaɓɓi ya zo da shanunsa za su gangara kudu. Ya san wani mashigi can sama. Ya ce in kama wutsiyar wani farin bijimi kada in saki ko me ya faru. Ruwa ya kawo mini har ƙirji, jakata a ka, bijimi na jana ina salati. Muka fita lafiya, sai dai takalmina ɗaya ya tafi Kwara ya riga ni. Na ce a raina, ashe alkawarin Inna mai sauƙin cikawa ne. Wannan ƙetarawar ita ta ruɗe ni daga baya.

Bayan Kamba aka nuna mini iyaka. Na zaci zan ga ganuwa ko ƙofa. Wani guntun ƙarfe ne kawai a kafe cikin gonar gero, rabin gonar a wata ƙasa, rabi a wata, mai gonar kuwa mutum ɗaya. Garin Dole ma haka yake, rariya guda ta raba shi biyu. Masaukin da aka kwatanta mini yana gefen Faransa, sai da na bi ta gaban wata rumfa mai tuta inda jandarma ke zaune da gajeren wando. Akwai allo da rubutu a jikin rumfar. Lokacin na fara zuwa aji, na san baƙaƙe, sai na tsaya in gwada. Baƙaƙen namu ne sak, amma na haɗa su suka ƙi zama magana. Jandarma ya ce da irin Hausar ƙasarsu, "Kai, baƙo, mi kake ƙirgawa nan?" Na ce karatu nake. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya duba takardar harajina, ya juya ta sama da ƙasa, ya tambayi abin da ya kawo ni. Da na ce ɗan'uwana nake nema, ya ce, "Wuce. Nan kowa ɗan'uwan wani yake nema." Abu guda ya gargaɗe ni, in na ga mota a ƙasarsu in kauce hagu, don su ta dama suke bi, ba kamar namu ba. Mota ɗaya na gani duk zamana, ita ma na manta na kauce mata ta inda take zuwa.

Mai masaukina wata Bazabarma ce, Hamsatu, gwauruwa mai sarin kifi, babbar mace mai babbar murya. Ta ba ni rumfa a bayan gidanta. Abincinsu sai da cikina ya yi haƙuri. Da safe kifi, da rana kifi, da yamma tuwon shinkafa da miyar kifi. Akwai wani kwaɗon zogale da suke ce wa kwabto, shi ya riƙe ni. Fura kuwa tsararo ce, ba irin tamu mai kauri da ludayi ke tsayawa a ciki ba. Wani abin da ya ba ni mamaki, matansu su ke riƙe da ciniki, su shiga jirgi su tafi kasuwar Dahomai su dawo, miji na zaune yana ɗinkin komar kamun kifi. Kasuwa ɗaya za ka ji Hausa da Zabarmanci da Dandanci da Fillanci, mai tallar ƙosai ma ta iya dukansu.

Ranar da na fara ganin Kwara na daɗe a tsaye. Duk gulaben da na sani 'ya'ya ne. Hamsatu ta nuna mini da haɓa. "Waccan gaɓar Dahomai ce. Nan da muke Nijar. In ka gangara kaɗan, ƙasarku. Ka ga baƙin itatuwan can tsakiya? Nan ɗan'uwanka yake." Ina hango hayaƙin bandarsu. Na ce wace ƙasa ce ke da tsibirin? Ta ce ya danganta da wanda ya zo tambaya.

Na roƙe ta ta kai masa saƙo, tun da kullum tana zuwa sarin kifi. Ta dawo da yamma ta ce, "Na faɗa masa. Ya ce ƙarya ne. Ya ce Innarsa ba ta janye magana. Kuma tun da aka sake tutoci, kowace ƙasa na aiko musu da kira a rubuta su cikin littafinta, har da dabarar cewa baƙo na nemanka. Ya ce in da gaske ƙanensa ne, ya zo ya gan shi da idonsa."

Na ba ta hulata ta kai masa, ya ce hula kowa na da ita. Na ce ta faɗa masa sunan jakinmu na da, ya ce duk Boɗinga an san jakin. Taurin kai dai gadonsa ya yi, kuma na san wajen wa.

Hamsatu ta ce, "To, gobe ka biyo ni mana."

Kunya ta hana ni faɗin alkawarin da na yi. Namiji mai shekara talatin da huɗu ya ce uwarsa ta hana shi shiga jirgi, a garin da yaye ake yi cikin jirgi? Sai na ce, "A'a, ba gaggawa. Zan jira ruwa ya janye in taka."

Ta dube ni, ta buɗe baki, ta rufe. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a."

Washegari na je bakin ruwa na kafa sandata daidai inda ruwa ya tsaya, yadda muke yi a fadama in muna jiran wurin dashe ya fito. Na ce kullum zan zo in ga taku nawa ya ja baya. Kwana na farko na iske ruwa ya taɓa gindin sanda. Na ce iska ce. Kwana na uku ya hau ta da ɗani guda. Na ɗaga kai, sama fes, ko gajimare babu, rabon duniya da ruwan sama wata biyu. Na cire sanda na matso da ita baya. Bayan kwana huɗu ya sake cim mata. Na sake matsowa.

Kafin mako biyu duk masuntan bakin gaɓar sun san ni. In na doso sai ka ji, "Ga ɗan tudu nan! Malam Arzika, yau taku nawa ya janye?" Wani ya ce, "Ka yi haƙuri, ka kusa. In ka ci gaba da matsowa, da kai da sandar za ku isa Sakkwato." Wata rana na iske an ɗaura wa sandar tsumma kamar tuta, suka ce ƙasa ta huɗu ce, ƙasar Arzika. Na yi dariya tare da su, amma hankalina na gida. Na bar Inna tana tari. Ni mutum ne mai haƙuri, kowa ya shaida, kuma duk rayuwata haƙuri bai taɓa ba ni kunya ba sai a bakin ruwan nan.

Akwai wani tsohon mai fito, Baba Dandare, Basarke ne, shi kaɗai bai taɓa yi mini ba'a ba. Ran kwana na goma sha takwas ya kira ni inda yake toshe jirginsa, ya ce in ɗebo ruwa a tafin hannu.

"Wane launi ka gani?"

Na ce, "Garau yake. A gulbi kuwa kamar baƙi."

"Na damina fa, a garinku?"

"Ja, mai laka."

Ya ce, "To, mu nan cika biyu gare mu. Jan ruwa na damina, wannan naku ne da namu, ya zo ya wuce. Wannan baƙin ruwa ne, kuma ba a nan aka yi shi ba. Can ƙasar Gini aka yi shi, kan duwatsu, tun kana noman fari. Ya gangaro ƙasar Mali ya bazu cikin fadamun da ke gabanin Tumbutu, ya kwanta wata da watanni, lakarsa ta zauna. Sai yanzu ya iso. Ina saurayi na kai can a jirgi, na gani. Ruwan da ke cin sandarka ya girmi tafiyarka. Zai yi ta hawa har sanyi ya wuce. In ma ya sauka, ɗana, ba a taɓa taka Kwara da ƙafa a nan ba, ko raƙumi bai yi."

Na zauna a ƙasa. Ban san lokacin da na faɗa masa komai ba, da mahaifinmu, da maganar murhu, da alkawarin. Bai yi dariya ba. Ya ci gaba da tura auduga cikin tsagar jirgi, can ya ce, "Ni ba malami ba ne, ban iya warware alkawari. Abin da na sani, mutanen tungar can jibi za su tashi. Baƙin ruwa in ya cika suna bin kifi sama, har su wuce Yamai. Ba su komowa sai bazara. Tsohuwarka za ta kai bazara?"



Na je wurin limamin unguwar bayan azahar. Ya ce saɓa alkawarin uwa ba ƙaramin abu ba ne, barin ta ta mutu da abin da ta aiko ni in sauke mata shi ma ba ƙarami ba ne, in zaɓi wanda zan iya ɗauka. Na kwana ina juya maganar. Inna ta ba ni aiki biyu, ɗaya ya hana ɗaya. Na ga in na koma hannu sake, na cika alkawari amma ba abin da zai gyaru. In na shiga jirgi, laifi ne, amma laifin da mai yafe shi tana raye.

Da hantsi na cire sandata, na je wurin Baba Dandare. Baba ya ce in zauna a tsakiya, in kalli bayan Hamsatu kada in kalli ruwa. Jirgin ya yi rawa da na sa ƙafa, na ji kamar ƙasa ta zame daga duniya. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. Hamsatu na cewa, "Sakar mini zane, ɗan tudu, za ka tuɓe ni gaban Dahomai!" Da muka kai tsakiya na saci kallo. A nan ne na tuna mahaifinmu, na yi kuka ba tare da na shirya ba. Baba Dandare ya yi kamar bai gani ba.

Na sami Yaya a bakin tunga yana naɗe koma. Ya yi furfura, ya yi baƙi, amma tafiyarsa ta mahaifinmu ce. Ya dube ni, ya dubi jirgin da na fito, ya sake dubana.

"Arzika?"

"Ni ne, Yaya."

"Kai ma ka shiga?"

"Na shiga. Kuma sai da ta sa na yi alkawali ba ni shiga."

Ya saki komar. "Kai, mahaukaci! Ka san abin da ta ce?"

Na ce, "Ina wurin ta ce shi. Yanzu mu biyu ne ba mu da ƙohwar ɗaki. Ita kuma ba ta gani, ba ta da kowa sai mu. Ka tashi mu tahi mu roƙe ta tare, don ni kaɗai ban iyawa."

Ya juya mini baya ya daɗe. Matarsa, wata Badanda, ta kawo mini ruwa a ƙwarya, 'ya'yansa uku suka kewaye ni suna magana da harshen da ban ji. Da jama'arsa suka tashi sama washegari, ya sa iyalinsa cikin jirgin surukinsa, shi kuma ya ɗauki ƙunshin banda ya biyo ni.

Kwana tara muka yi a hanya. A Bunza ban nemi bijimi ba, wanda ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi. Muka shiga Boɗinga ana kiran la'asar. Inna na zaune bakin ɗakinta a kan tabarma, ta rame ƙwarai. Na yi sallama. Yaya ya durƙusa can nesa, wajen turmi.

Ta ɗaga hanci ta ce, "Warin banda nike ji. Arzika, kai da wa?"

"Ni da wanda kika aike ni, Inna."

Ba ta juya wajensa ba. Ta ce, "Ruwan ya janye?"

Da na ce e, da ta yarda, don Yaya ba zai tona ni ba. Na ce, "Bai janye ba, Inna. Ruwan can ba irin namu ba ne. Na jira shi kwana goma sha tara yana ƙaruwa. Na shiga jirgi."

Ta juya fuskarta wajen murhu, kamar wancan karon, ta ce, "Na tsuhwa, ban da ƙarhin yin magana sau biyu. Duk ɗan da na haihwa da ya taka jirgi, na yahe mai duniya da lahira. Arzika, ka ce ma baƙonka shi matso, rana na dukanai."

Babu rana a wajen turmin, inuwa ce. Yaya ya rarrafo ya zauna bakin ƙofar ɗakin. Ta miƙa hannu kamar tana neman buta, hannun ya sauka a kansa, ta bar shi a nan.

Inna ta rasu kafin ruwan farko na shekarar. Yaya ne ya shiga kabari ya karɓe ta. Bayan sadakar arba'in ya koma wurin iyalinsa, amma kowace shekara in baƙin ruwa ya sauka yana zuwa, da banda da labarin Hamsatu. Bara ya ce mini Baba Dandare ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Ya ce yanzu an ƙara rumfunan jandarma a bakin gaɓa, ana tambayar takarda kafin a bar mutum ya yi fito, abin da da babu.

Sandar tana nan jingine a ɗakin Inna, da tsumman da masunta suka ɗaura mata. In kun zo zan nuna muku zanen da ruwa ya bari a jikinta, hawa uku. Wannan shi ne labarin yadda ya faru, babu kada a ciki, babu ɗauri. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya sa mu gama da su lafiya.